Ciwon da Ke Ɓuya a Cikin Akushi

Ya kai mai karatu, wataƙila a gidanka akwai budurwar da ta ƙaurace wa tuwo alhali rumbu cike yake, tana ramewa amma tana ganin ƙiba ta yi mata yawa. Ko kuwa ka san maƙwabcin rumfa wanda duk ranar da ciniki ya ƙi sai ya ci abinci har ya wuce ƙoshi, daga bisani kunya ta lulluɓe shi, har ya tilasta wa kansa amai. Kada ka ɗauki wannan shagwaɓa ko haɗama. Ciwo ne sananne, kuma sau da yawa tsoro, gori, kaɗaici ko baƙin ciki ke rura shi. Shi ya sa jinyarsa takan fara da bin sawun abin da ke zuci.

A tsarin da aka gina a Jami'ar Oxford ta Ingila, majinyaci yakan rubuta abin da ya ci, da lokacin, da abin da ya ji a ransa kafin ya ci da bayan ya gama. Wanda bai iya rubutu ba sai ya naɗi muryarsa a waya. Sannu a hankali zai gane cewa, misali, faɗa da kishiya ko tunanin bashi ne ke gabatar ɓarnar. Ana kuma tsara masa ci sau 3 a rana da ɗan taɓa baki a tsakani, domin doguwar yunwa ke jawo cin wuce kima. Yawanci zama 20 ake yi cikin mako 20.

Ga matasa kuwa, tsarin asibitin Maudsley na Landan ya ɗora ragamar ciyarwa a hannun iyaye: su zauna da yaro har ya gama, cikin lallashi, ba tare da zargi ba.

Aikinka shi ne ka saurara, ka daina tsokaci a kan jikinsa, sannan ka kai shi asibiti a fara duba tarin fuka, ciwon suga da tsutsar ciki, domin su ma suna ramar da mutum. Idan ka ga suma, bugun zuciya ba daidai ba, yawan amai ko ɗaukewar al'ada, kada ka jira ranar kasuwa ta wuce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.