Gargaɗi: Kada ku sayi tsohuwar ciyawar roba da ba a san asalinta ba

Masu filayen ƙwallo, masu makarantu, masu ɗakunan biki da iyayen yara, ku saurara. Duk wanda aka kawo wa ciyawar roba ta gwanjo da araha, ya dakata. Kada ya biya ko sisi sai an nuna masa takardar da ta faɗi inda aka ciro ta, shekararta nawa a shimfiɗe, da abin da aka zuba a cikinta.

Ciyawar roba ba ta dawwama. Shekara 8 zuwa 10 take yi a filin wasa, rana ta gasa ta, takalma su murje ta, zarenta ya fara karyewa yana zama gari. Fili guda na ƙwallon ƙafa kafet ne na roba da ya kai murabba'in mita 7,000, an cika tsakanin zarensa da yashi da niƙaƙƙen tsohuwar taya fiye da tan 100. Ranar da aka naɗe shi, a ranar matsala take farawa, domin roba da yashi da garin taya da gam sun cakuɗe, raba su aiki ne mai tsada, masana'antun da ke iya yi kuma kaɗan ne a duniya.

To ina ake kai ta? Ƙasashen da suka riga mu shimfiɗa ta ma sun sha wuyar amsa wannan tambaya. A 2018 shirin talabijin na Zembla a ƙasar Holan ya nuna tsoffin filaye an tula su tsibi-tsibi, alhali an karɓi kuɗin sarrafa su. A jihar Pennsylvania ta Amurka an jibge naɗaɗɗun ciyawa a gonaki, suna shan ruwa da rana shekara da shekaru, ana jiran masana'antar sarrafa su da aka yi alkawari. Saura kuwa ana yayyanka ta a sayar wa masu son araha, daga nan babu mai sanin inda ta ƙare.

Shi ya sa jihohin Amurka suka fara tashi tsaye. A Maryland, 'yar majalisar dokokin jiha Mary Lehman ta sha gabatar da ƙudirin da zai tilasta a riƙa rubuta hannun da kowane fili ya bi, tun daga shimfiɗawa har zuwa zubarwa, don kada wani ya ce bai san inda nasa ya tafi ba. A Disamba 2022 gwamnar New York, Kathy Hochul, ta sa hannu kan dokar da ta ɗora wa masu ƙera kafet, har da ciyawar roba, nauyin kwashe tsoffin kayansu. A shekarar ce magajiyar garin Boston, Michelle Wu, ta hana shimfiɗa sabuwa a wuraren shaƙatawa na birnin. A 2023 California ta ba birane ikon haramta ta. Tarayyar Turai kuma ta yanke cewa daga Oktoba 2031 ba za a ƙara sayar da garin robar da ake zubawa a filayen ba, bayan hukumarta ta sinadarai ta ƙiyasta cewa har tan 16,000 na zurarewa cikin ƙasa da ruwa duk shekara.

Ba don ƙyashi suka yi ba. An samu sinadaran PFAS a ciyawar, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa, kuma sukan daɗe a jikin mutum. Garin taya na ɗauke da ƙarafa masu illa da wasu sinadarai. Wani bincike na 2020 ya gano cewa ɗaya daga cikinsu ne ke kashe wani nau'in kifi a ƙoramun jihar Washington. Ga zafi: da tsakar rana saman ciyawar kan wuce digiri 60 a ma'aunin salshiyos. Ku tuna da ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi, ku tuna da yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wannan: duk lokacin da doka ta tsananta a can, zubar da kaya yakan yi tsada, mai kaya kuma ya nemi inda ba a tambaya. Mun gani a garin Koko da ke kudancin Najeriya a 1988, lokacin da aka sauke gangunan guba daga Italiya, abin da ya taimaka wajen haifar da Yarjejeniyar Bamako ta 1991 kan shara mai guba. Tun Janairu 2021 Yarjejeniyar Basel ta tsaurara sharuɗɗan safarar sharar roba, amma Amurka ba ta cikin ƙasashen da suka tabbatar da ita, kuma kayan da aka rubuta wa “na hannu, za a sake amfani da shi” yakan fi saurin wucewa a tashar jiragen ruwa. Gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, mu shafa wa namu ruwa.

Wanda ya riga ya shimfiɗa, kada ya ƙone ta idan ta tsufa, hayaƙinta guba ne. Kada ya jefa ta a kwata ko kududdufi, kada ya shimfiɗa wa awaki da kaji, domin za su tsinci garin su haɗiye. A sa shinge a bakin fili don kada ruwan damina ya kwashi garin zuwa magudana. Yara su wanke hannu da duk wata ƙujewa bayan wasa, su kakkaɓe takalma kafin shiga gida, kuma a hana su wasa a kanta da tsakar rana. Mai sayen sabuwa ya sa a rubuta cikin yarjejeniya cewa wanda ya sayar shi zai kwashe.

Hukumar kula da muhalli ta NESREA, kwastan da ma'aikatun muhalli na jihohi su buɗe rajista tun yanzu: kowane fili, wa ya shigo da shi, yaushe aka shimfiɗa, ina za a kai shi. Duk wanda ya ga an jibge naɗaɗɗiyar ciyawar roba a kango, gona ko bakin rafi, ya sanar da mai unguwa da ofishin muhalli na ƙaramar hukumarsa a ranar, kafin ruwan sama ya sauka a kanta.