Naira Miliyan 21 da Kwanon Awon Java

A Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, ɗalibin ilimin kwamfuta ba ya gama karatu da harshen rubuta manhaja ɗaya. Ko ba daɗe ko ba jima sai aiki ya tilasta masa ɗauko manhajar da aka rubuta da wani harshe ya zuba ta cikin wani. Da yawa suna ɗauka canjin kalmomi ne kawai, kuma nan ne ake yin tuntuɓe.

A ce matashi ya rubuta wa dillalin shanu na kasuwar Shinkafi manhajar lissafin ciniki da Python, harshen da Guido van Rossum ya fitar a 1991. Kuɗin yana ƙirga su da kwabo don gudun ɓatan canji. Daga baya dillali ya ce a waya yake so, yaro ya mayar da aikin Java, wanda kamfanin Sun ya fitar a 1995. Layi bayan layi ya kwafa, kwamfuta ba ta yi ƙorafi ba.

Amma Python ba ya iyakance girman lamba, sai dai ƙwaƙwalwar na'ura ta cika. Java kuwa sai ka zaɓi kwanon awo tun farko, kuma wanda aka fi ɗauka, mai suna int, ba ya wuce 2,147,483,647. A kwabo, naira miliyan 21 ne da dubu 474 da 'yan kai. Mota guda ta manyan shanu tana iya zarce haka. Ranar da ciniki ya haura wannan adadi, lambar ba ta tsayawa, ba ta gargaɗi, juyewa take yi ta koma ƙasa da sifili. Mutumin da ya sayar da dabbobinsa lafiya lau sai waya ta nuna masa bashi ake bin sa. Maganin kalma ɗaya ce, a sa long a madadin int, amma sai wanda ya san halin harshen zai tuna da ita.

Rabawa ma haka. Bakwai a raba biyu, Python na yanzu zai ce 3.5, Java ya ce 3 ya watsar da rabin muddin lambobin cikakku ne. Tsohon Python 2, wanda aka daina kula da shi a Janairun 2020, shi ma 3 yake bayarwa, wato ko a gida ɗaya ana samun saɓani. Wajen ƙirga jeri ma akwai bambanci: Fortran na 1957 yana farawa daga ɗaya, Java da Python daga sifili.

Abin da ya fi damuna shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Kalmar Ƙaura harafi biyar ce, haka Python 3 zai ƙirga. Harshen C na 1972 ba haruffa yake ƙirgawa ba, gurabun ajiya yake lissafawa, kuma a tsarin UTF-8 harafin Ƙ gurbi biyu yake ci, sai ya ce shida. Idan manhaja ta datse suna a tsakiyar harafin, abin da zai fito a takardar shaida tarkace ne. Yarinya daga Zurmi mai suna da ɗ ko ɓ ita za ta yi ta zarya ofis ana gyara.

Yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna juya shafi guda daga wani harshe zuwa wani cikin daƙiƙa kaɗan, kuma ban ga laifin amfani da su ba. Sai dai kafin a miƙa wa dillali wayarsa, a ɗauko littafin cinikinsa na bara, a ba tsohuwar manhaja da sabuwar lambobi iri ɗaya, har da cinikin jajibirin Babbar Sallah da sunan kwastoma mai ƙ, a gwada amsoshin ɗaya bayan ɗaya.