Ina Ake Zuba Fayilolin da Ginin Manhaja Ke Haifarwa?

Na'urar POS ta mai cirar kuɗi a kasuwar Gummi, da akwatin da ke daidaita cajin batirin sola a Bukkuyum, da na'urar da masu neman zinare ke yawo da ita a dazukan Anka, kowacce tana ɗauke da 'yar ƙwaƙwalwa da aka ɗura wa umarni tun daga masana'anta. Mutum ne ke rubuta umarnin, galibi da harshen C, sai dai ƙwaƙwalwar ba ta jin wannan harshe. Dole a bi da rubutun ta wasu manhajoji su juya shi zuwa lambobin da take ganewa. Wannan aiki shi ake kira gini.

Gini kuwa ba ya rabuwa da tarkace. Kowane fayil na C yana haifar da ɗansa mai wutsiyar .o, sai a ɗinke su wuri guda su zama .elf, daga nan a tatso .hex ko .bin. Wannan na ƙarshen ne ake ɗura wa na'ura, aikin da masu gyaran waya ke kira filashin. Akwai kuma .map, mai nuna inda kowane abu ya zauna a ma'ajiya, fayil ne mai daraja ga wanda ke fama da ATmega328P ta allon Arduino Uno, wadda duka wurin umarninta kilobayit 32 ne.

Idan ba a ce musu komai ba, wasu kayan ginin sukan zube duk wannan a cikin foldar da ake aiki, tsaba da ƙaiƙayi a kwando ɗaya. Rashin kyan gani ba shi ne babbar illar ba. Make, ɗaya daga cikin kayan ginin nan, wadda Stuart Feldman ya ƙirƙira a Bell Labs ta Amurka a 1976, lokacin da aka taɓa fayil take dubawa: in .o ya fi uwarsa sabunta, sai ta ƙyale shi. To a ce an yi gini domin allo ɗaya, aka sauya zaɓi aka sake yi domin wani allon daban. Rubutun bai canja ba, don haka Make tana iya kwasar tsofaffin .o ta cusa a sabon gini, ba tare da ta ce uffan ba. Kuskuren ba zai fito fili ba sai na'urar ta isa ƙauyen da zuwansa kaɗai yini ne.

Maganin shi ne a ware wa gini foldarsa, kowane allo da tasa. A manhajar gini ta CMake ana faɗin wurin da -B, masu gina ƙwayar Linux suna amfani da O=, PlatformIO kuma da kanta take buɗe .pio/build ta ba kowane allo ɗaki. Manhajar Arduino ta wuce gona da iri: takan ɓoye ginin a foldar wucin gadi ta kwamfuta, shi ya sa sabon shiga kan sha wahalar neman .hex ɗinsa, har sai ya gano umarnin fitar da shi kusa da rubutunsa.

Sunan foldar ginin ana sa shi a .gitignore, don kada Git, manhajar da ke ajiye tarihin rubutun aiki, ta adana abin da inji zai iya sake haifarwa cikin minti ɗaya. Hanyar zuwa foldar kuma daga tushen aikin ake auna ta, domin wadda aka rubuta da sunan mai kwamfuta ba za ta yi aiki a kwamfutar abokin aikinsa ba. Fayil ɗin da za a ɗura wa kayan sayarwa shi kaɗai ake kwafewa zuwa wani wuri, a sa masa sunan allo da lambar fitowa, tunda foldar gini ana share ta duk lokacin da aka yi shakkar abin da ke ciki.