KARIYA: KYAN ƊAN MACIJI GARE TA



In kun shiga birnin Maraɗi da rani, kun bi ta unguwar Zariya ko Ali Ɗan Tsoho, za ku ga wani guntun icce mai ƙaton gindi a ƙofar gidaje da ma'aikatu. Ganye ya kaɗe, amma ga jan fure ya rufe shi. Sunansa kariya, waɗansu kuma su ce ƙarya. Masu saida dashe a bakin titi suna samun kuɗi da ita, mutanen ƙauye ma sun fara kai ta gida. Renonta ba wuya. Sai dai akwai abin da ya kamata ku sani kafin ku dasa ta: kariya dafi gare ta, tun daga saiwa har fure.

MU SAN TA TUKUNA

Kariya ba baƙuwa ba ce. Ƴar ƙasashen Sahel ce. Tana fitowa da kanta tun daga Sanagal har Sudan da Habasha, har ta ƙetare teku zuwa ƙasar Larabawa. Sunan da masana suka ba ta, Adeniyum, daga garin Aden na ƙasar Yaman aka samo shi. Turawa suna ce mata furen hamada. A ƙasar Tailan manoma sun maida renonta sana'a, suna fitar da kala-kala suna saida wa duniya.

Ga alamunta. Tsawonta mita 1 zuwa 3. Gindinta kumburarre ne kamar na ƴar kuka, cikinsa take ajiye ruwa. Ganyenta mai kauri ne, mai sheƙi, yana taruwa a ƙarshen reshe. Furenta kamar bakin kakaki yake, mai kunne 5, gefensa ja, cikinsa da fari-fari.

Kun san karin maganar da ke cewa ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa. Mutane da yawa suna jingina wannan magana ga iccen nan. Gaskiya ne ba ta cika ƴaƴa ba, amma tana yi. Galibi sai in akwai gindi biyu da ba uwarsu ɗaya ba, ƙwari suka kai garin furen wannan ga wancan. Ƴaƴan suna fitowa biyu-biyu kamar ƙahon akuya. In sun bushe sai su tsage, iri mai gashi ya fito iska ta kwashe shi, kamar yadda na tumfafiya ke yi. Ai dangi ɗaya suke da tumfafiya da kwankwani.

INA DAFIN YAKE?

Dafin yana cikin ruwan jikinta. Ko'ina kuka karya, ruwan zai fito. Masu bincike sun sami sinadarai kimanin 30 cikinsa masu taɓa zuciya. Aikinsu shi ne su rage bugun zuciya, su rikita shi. In abin ya yi yawa sai zuciya ta tsaya. Saboda haka ne maharba a ƙasashen Afirka da dama suka daɗe suna sa shi a dafin kibiya, waɗansu kuma suna kashe kifi da shi.

Ku riƙe wannan da kyau: bushewa ba ta kashe dafin, tafasawa ma ba ta kashe shi. Busasshen ganye da ɗanye duk ɗaya ne.

Wanda ya ci, ga abin da za a gani gare shi: yawu mai yawa, tashin zuciya, amai, ciwon ciki, zawo, jiri da kasala. Daga nan bugun zuciya ya yi sanyi ko ya rikice. Wani lokaci sai an yi awoyi kafin alamun su fito. Ƙaramin yaro ya fi babba shiga haɗari, don jikinsa kaɗan ne. Haka tsoho da mai ciwon zuciya.

INDA ZA KU DASA TA, DA INDA BA ZA KU DASA BA

Kariya tana son abu biyu: rana da rairayi. Abu ɗaya take ƙi, shi ne ruwa ya kwanta mata a gindi.

A 1945 ruwan Gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi, aka maida birni bisa tudu. Ƙasar tudun nan jigawa ce, ruwa ba ya kwana bisanta. Shi ya sa kariya take jin daɗin birni. A Tibirin Gobir ma, duk gidan da ke bisa jigawa zai iya renonta. Amma laka ta fadamar Gulbi tana riƙe ruwa, saiwar kariya kuwa sai ta ruɓe.

Mutanen Jiratawa, ku da ke aiki cikin filin noman rani da aka gyara a farkon shekarun 1980, ku yi hattara ƙwarai. Kada ku dasa ta bakin hanyar ruwa, kada ku sa ta cikin garka. Dalili biyu ne. Na farko, ban ruwa na kullum zai kashe ta. Na biyu ya fi muni. Kuna tsinkar zogale kuna kai wa kasuwa buhu-buhu. In ganyen kariya ya faɗa cikin zogale, wa ya san tukunyar da zai shiga?

Ga wuraren da ba a dasa ta:
1. Kusa da turken awaki ko garken shanu.
2. Bakin rijiya, ko kusa da randa.
3. Kusa da murhu da wurin shanyar hatsi ko ganyen miya.
4. Inda ƙananan yara ke wasa, gida ne ko makaranta.

In gidanku da yaro mai rarrafe, ko wanda bai kai jin magana ba, ku haƙura da ita sai ya girma. In ta riga tana nan, ku kewaye ta da ƙaya ko waya.

YADDA AKE DASHEN RESHE

Lokacin da ya fi kyau shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu. Ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace da aka soma tun 1975, ta dace da bedi da mangwaro, amma ba ta dace da reshen kariya ba. Tsakiyar damana ce, reshen zai ruɓe tun bai yi saiwa ba.

1. Ku sa safar hannu. In babu, ku zura hannu cikin leda ku ɗaure.
2. Ku zaɓi reshe mai ƙwari, kaurin babban yatsa, tsawon santimita 20, wato kamar taƙi guda.
3. Ku yanke shi da wuƙar da ba ta aikin abinci. Ku cire ganyen ƙasa.
4. Ku ajiye shi cikin inuwa, inda yaro da akuya ba su kai, kwana 4 zuwa 7, har bakin yankan ya bushe.
5. Ku haɗa ƙasa: rairayi kwano 2, ƙasar gona kwano 1, ruɓaɓɓen taki kwano 1. Banda ɗanyen taki.
6. Ku sami kasko ko fasasshen tulu, ku huda gindinsa, ku jera tsingaro ko tsakuwa a ƙasa.
7. Ku kafa reshen zurfin yatsu 3. Kada ku ba shi ruwa sai bayan mako guda, shi ma kaɗan.

Cikin wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi zai yi saiwa. In kun ga sabon toho, ku fitar da shi rana a hankali.

Wanda ya sami iri, ya fi. Kariyar da aka shuka da iri ita ke yin ƙaton gindin nan da masu saye ke so. Ta reshe ba ta cika yin sa ba. In ƴaƴan sun kusa bushewa, ku ɗaure su da zare don kada iska ta riga ku. Ku cire gashin, ku kwantar da irin bisa rairayi, ku rufe shi kaɗan-kaɗan, ku riƙa yayyafa ruwa. Da zafi yana tsirowa cikin mako guda. Kada ku ajiye irin ya daɗe, don da wuri yake mutuwa.

BAN RUWA DA KULAWA

Ƙishirwa ba ta cika kashe kariya ba, yawan ruwa ne ajalinta. Ku tura yatsa cikin ƙasa. In da sanyi, ku bar ta. In ta bushe, ku ba ta har ruwa ya ɗigo ta ƙasan kasko.

Da bazara, ta cikin kasko tana son ruwa kamar sau 2 a mako. Da ɗari, sau ɗaya cikin kwana 10 ya isa. In ganye ya kaɗe a lokacin, ba mutuwa ta yi ba, hutu take. Da damana kada ku ba ta ko kaɗan, ku ɗora kaskon bisa duwatsu don ruwa ya wuce.

Ku riƙa taɓa gindinta. In da tauri, lafiyarta lau. In ya yi laushi, ruɓa ta shiga. Ku tone ta, ku yanke wurin da ya ruɓe, ku barbaɗa toka, ku bar ta ta sha iska kwana 7 cikin inuwa, sa'an nan ku maida ta cikin busasshen rairayi.

Darɓa tana kama tohonta da furenta. Ku dama sabulu kaɗan cikin ruwa, ko ku jiƙa dakakkun ƴaƴan bedi su kwana, ku tace, ku fesa da marece.

In kun yi mata aski, ku tsince duk abin da ya faɗi, ku gina rami ku rufe. Kada ku zubar bisa juji, nan awaki ke kiwo. Akuya ba ta cika cin kariya ba saboda ɗaci. Amma da rani, in yunwa ta matsa, ko ganyen ya gauraya da harawa, tana iya ci. Jar akuyar Maraɗi ita ce dukiyar mata da yawa, kada fure guda ya ja muku asararta. In kun gama aiki, ku wanke hannu da wuƙa da sabulu, ku zubar da ruwan cikin rami, ba cikin tabki ko hanyar ruwa ba.

Akwai wani furen kuma da ake dasawa bakin titi da ma'aikatu, mai dogon ganye siriri, da fure ja ko fari. Da Faransanci ana ce masa loriye-roz. Shi ma danginta ne, dafinsu iri ɗaya. Sandunansa miƙaƙƙu ne, suna jan hankali. Kada a yi asuwaki da su, ko tsinken tsire, ko makamashi.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

In ruwanta ya taɓa fata, ku wanke da sabulu. In ya shiga ido, ku yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15, kada a murza, sa'an nan a tafi likita.

In yaro ya tauna ganye ko fure:
1. Ku cire abin da ya rage a bakinsa, ku kurkure masa baki.
2. Kada ku sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai.
3. Kada ku tsaya ba shi nono ko mai ko jiƙo. Ba su karya wannan dafi.
4. Ku kai shi gidan likita mafi kusa nan take, ko da yana wasansa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ku babban asibitin Maraɗi.
5. Ku tafi da reshen iccen cikin leda, ku faɗa wa ma'aikatan lafiya lokacin da ya ci.

In bisa ce ta ci, ku kira likitan dabbobi. In ta mutu ko an yanka ta saboda haka, kada a ci naman.

Waɗansu suna ba da saiwar kariya ko ɓawonta a matsayin magani. Kada ku sha, kada ku ba wani. Ba wanda zai iya auna ƙarfin dafin da ido.

Wanda ya karanta wannan takarda, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai yi yaƙi da jahilci ba. Ku kama hannun yaranku, ku nuna musu iccen, ku ce musu wannan na kallo ne, ba a taɓawa. Rigakafi ya fi magani.

Allah shi tsare mu da iyalanmu da bisashenmu, shi ba mu damana mai albarka.