Jajayen Fitilun Ƙasar Sin

Mai karatu ya sha ganin jajayen fitilu masu siffar ƙwarya rataye a ƙofar gidajen abincin 'yan Sin a manyan garuruwanmu. Yawancinmu ado kawai muka ɗauke su, alhali buƙata ce ta haife su, wato kare wuta daga iska. Tun zamanin daular Han, kusan shekara 2,000 ke nan, ake tanƙwara gora, a lulluɓe ta da siliki, a sa wuta a ciki. Bayan Cai Lun ya kyautata yin takarda a shekarar 105, takarda ta shiga sana'ar, kuma ta fi siliki araha.

Abin da ya fi burge mu shi ne Bikin Fitilu, daren 15 ga watan farko na shekararsu, sa'ad da wata ya cika. A zamanin daular Tang (618–907) an hana fita da dare a babban birni Chang'an, amma don bikin sai a ɗage dokar kwana uku. Har matan da ba su cika fita ba sukan fito kallo. A daular Song kuwa aka riƙa rubuta kacici-kacici a jikin fitila, wanda ya warware a ba shi tukuici.