Kafin Ka Sayar da Kwamfutarka, Cire Ta Daga Asusunka

Duk wanda ya biya kuɗi ya sayi littafi a Kindle ko fim a shagon Apple yakan ɗauka abin ya zama mallakinsa. A gaskiya izinin karantawa ko kallo ya saya, izinin kuma yana ɗaure da asusunsa, sannan an ƙayyade yawan na'urorin da zai yi aiki a kansu. Shi ya sa da Microsoft ya rufe shagon littattafansa a shekarar 2019, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa, aka mayar musu da kuɗinsu kawai.

Kowane kamfani da tasa ƙa'idar. Apple yana barin kwamfuta biyar ne a asusu ɗaya, idan an haɗa da wayoyi da sauransu kada su wuce goma. Yawancin littattafan Kindle suna zama a na'ura shida a lokaci guda, mawallafi kuma yana iya rage adadin. Manhajar Adobe Digital Editions ma shida ne.

Gurbi biyar na Apple kamar da yawa, amma cikin sauƙi suke ƙarewa, domin kamfanin ba ya sanin ka sayar da kwamfutarka, ko an sace ta, ko ta mutu tana jibge a ƙarƙashin gado. Muddin ba ka cire ta da hannunka ba, tana nan riƙe da gurbinta. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne gyara. Ka kai kwamfuta wajen mai gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano, ya goge komai ya ɗora sabon Windows, ko ya canja ma'ajiyar bayananta, ka dawo gida ka shiga asusunka. A wajen Apple wannan wata sabuwar kwamfuta ce. Kwamfuta guda ta cinye gurbi biyu ke nan. Mai gyara ba zai tuna maka ba, ba aikinsa ba ne, shi dai ta kunnu ka biya shi.

Don haka kafin sayarwa, ko kyautarwa, ko kai gyara, buɗe iTunes ko Apple Music, shiga sashen asusu, ka soke izinin wannan kwamfutar. Minti biyu ba za ta ɗauka ba, kuma abin da ka saya ba ya ɓacewa. Idan kwamfutar ta riga ta bar hannunka, akwai maɓallin soke izinin dukkansu gaba ɗaya, daga nan ka sake shigar da waɗanda kake amfani da su. Sai dai sau ɗaya ake yarda a taɓa shi a shekara, kada ka ɓarnatar da shi. Na Amazon, mai Kindle, ya fi sauƙi: a shafin kula da na'urori za ka ga jerinsu, ka cire wadda ka ga dama.

Sai batun ara wa aboki ko ƙani asusu don ya sauke fim. Zumunci ne, amma gurbinka yake ci. Kuma a tsarin Apple, wayar da aka sauke saye-sayen wani asusu a kanta tana iya jiran kwana 90 kafin ta karɓi na wani asusun, ko da na mai wayar ne.