Yadda Na'ura Ke Ba Da Amsa, Da Yadda Take Yin Sallama

A shekarar 1992 ne cibiyar MIMOS ta Kuala Lumpur ta buɗe JARING, kafar intanet ta farko ga jama'ar Malesiya. A yau ɗalibin da ke zaune a Kano yana iya duba sakamakon neman gurbinsa a Jami'ar Malaya, alhali tsakaninsu ya haura kilomita 10,000. Shin ta yaya amsar take isowa gare shi, kuma yaya na'urarsa take sanin cewa ta iso duka?

Babbar kwamfutar da ke ajiye shafuka, wadda ake kira uwar garke, ba ta aika kowane harafi da zarar ta rubuta shi. Takan fara tara amsar a wani ɗan ma'aji, kamar yadda ɗan garuwa ke cika garwarsa kafin ya kama hanya, domin yawan kai da komo da ɗigo ɗigo ɓata lokaci ne.

Wannan jinkiri yana da wani amfanin kuma. Kowace amsa tana farawa da kan bayani mai ɗauke da lamba: 200 na nufin an dace, 404 ba a sami shafin ba, 500 kuwa na'urar ce ta yi tuntuɓe. Muddin amsa tana cikin ma'aji, ana iya zubar da ita a sauya lambar. Amma magana zarar bunu ce. Idan an riga an aika 200, sa'an nan aiki ya lalace a tsakiya, babu halin janyewa.

Sai batun sallama, wanda ya fi kowanne muhimmanci. A ka'idar farko da Tim Berners-Lee ya tsara a cibiyar CERN, katse layi shi ne alamar gamawa. Illarsa ita ce, mai karɓa ba ya iya bambance amsar da ta kammala da wadda ta yanke a hanya. Saboda haka aka shigo da faɗin adadin tsawon saƙo tun daga kai, don a ƙidaya a gani. A 1997 ka'idar HTTP/1.1 ta ƙara wata dabara: a aika saƙo gunduwa gunduwa, kowace da adadinta, a rufe da gunduwa mai tsawon sifiri. HTTP/2 ta 2015 kuwa alama take sa wa ƙunshin ƙarshe.

Duk da haka, wani nauyin yana wuyan mai tsara manhaja. A Node.js, wadda Ryan Dahl ya fito da ita a 2009, tilas a ba da umarnin rufe kowace amsa. In an manta, sai ɗalibin nan na Kano ya yi ta zuba wa allo ido har wa'adin jira ya ƙare, alhali uwar garke ta daɗe da gama aikinta, sallama kawai ta rage.